Fitsari Mai Ba Da Labari: Yadda Ake Bin Sawun Tsutsotsin Jiki Ba Tare Da Ɗibar Jini Ba

Gabatarwa

Tun zamanin da, masu ilimin magani sun fahimci cewa fitsari yana ɗauke da labarin lafiyar mai shi. Babban malamin nan na likitanci, Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya keɓe wani sashe na littafinsa Alƙanun domin bayanin yadda ake duba launin fitsari da kaurinsa da warinsa da abin da ke kwantawa a ƙasansa. A wancan lokaci ido da hanci su ne kayan aikin likita. A yau kuwa masana kimiyya suna iya zaƙulo abin da ido ba ya gani daga cikin ɗan fitsari kaɗan, har su faɗi irin tsutsar da ta taɓa shiga jikin mutum, ko da tsutsar ba ta taɓa kusantar mafitsara ba.

Wannan darasi zai yi bayanin ɗaya daga cikin waɗannan dabaru, wato neman makaman garkuwar jiki a cikin fitsari. Zai nuna yadda gwajin yake aiki, da tambayar da yake iya amsawa, da kuma wadda ba ya iya amsawa. Sanin wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin a kan sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje hukumomin lafiya suke yanke shawarar ci gaba da raba magani a gari ko dakatar da shi.

Cututtuka biyu da za a yi misali da su

Ta farko ita ce tsargiya, wadda aka fi sani da fitsarin jini. Tsutsar da ke haddasa ta sunanta a kimiyyance *Schistosoma haematobium*. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano ta a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Namiji da tamata suna zama manne da juna a cikin jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara, kuma tamatar tana saka ɗaruruwan ƙwai a kowace rana. Kowane ƙwai yana da 'yar ƙaya a ƙarshensa. Wasu ƙwayayen sukan huda bangon mafitsara su fita tare da fitsari, wasu kuma su maƙale a cikin naman, su jawo kumburi da gyambo. Idan wanda ke ɗauke da cutar ya yi fitsari a tafki ko kududdufi ko magudanar ruwan noman rani, ƙwan sai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi mai suna *Bulinus*, ya hayayyafa a can. Bayan 'yan makonni sai dubban 'ya'ya su fito cikin ruwa, su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko su ko aikin shinkafa.

Wannan ne ya sa cutar take bin manyan ayyukan ruwa. Bayan da aka kammala madatsar Akosombo a Gana a 1965, tsargiya ta bazu sosai a ƙauyukan bakin tafkin Bolta. Haka nan magudanan noman rani irin na Kadawa, waɗanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga, da na Bakolori kusa da Talatar Mafara, wurare ne da suka dace da rayuwar wannan dodon koɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne suke buƙatar maganin tsargiya, kuma kimanin kashi 90 cikin ɗari nasu a Afirka suke. A wasu wurare akan ɗauki fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar balaga. Wannan kuskure ne mai tsada, domin cutar tana iya lalata ƙoda, tana jawo wa mata ciwo a mahaifa da al'aura, kuma tun 1994 aka sanya tsutsar cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar mafitsara.

Cuta ta biyu ita ce tundurmi, wadda kan zo wa maza da gwaiwa. Tsutsarta, *Wuchereria bancrofti*, siririya ce kamar zare, tana zama a cikin magudanan ruwan jiki da ke haɗe da kaluluwa. Takan rayu shekara 6 zuwa 8, tana zuba ƙananan 'ya'ya cikin jini. Sauro ne ke ɗaukar 'ya'yan daga wani mutum zuwa wani, kamar yadda Patrick Manson ya fara nunawa a ƙasar Sin a 1877. A Afirka ta Yamma, sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro shi ne dai yake yaɗa ta a karkara.

Tsofaffin hanyoyin gwaji da inda suke gazawa

Hanyar da aka saba bi wajen gano tsargiya ita ce neman ƙwan tsutsar. Akan karɓi fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. Sai a zuƙi mililita 10 da sirinji, a tura ta cikin wata 'yar matata, a ɗora matatar a kan gilashi, a ƙidaya ƙwan da madubin likita. Wanda aka samu ƙwai 50 ko fiye a cikin mililita 10, to cutarsa ta yi tsanani. Game da tundurmi kuwa, aikin ya fi wahala, domin 'ya'yan tsutsar ba sa fitowa cikin jinin da ke kusa da fata sai da tsakar dare. Dole ma'aikata su bi gida gida tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2, suna tada mutane daga barci suna huda musu yatsa. Daga baya an samo wani tsinken gwaji da ake iya amfani da shi da rana, amma shi ma da jini yake aiki.

Waɗannan hanyoyi sun yi amfani sosai lokacin da cututtukan suke da yawa. To amma an shafe shekaru ana raba magani ga jama'a. Maganin tsargiya, firazikwantel, ana ba 'yan makaranta shi kyauta gwargwadon tsawon kowane yaro. An kuma ƙaddamar da shirin duniya na kawar da tundurmi a shekarar 2000, inda ake ba duk mutanen gari magani sau ɗaya a shekara har aƙalla shekara biyar. Sakamakon haka tsutsotsin da ke jikin mutane sun ragu, ƙwan da suke fitarwa ma ya ragu. Yaron da ke da tsutsa biyu ko uku kacal yana iya ba da fitsari yau a ga ƙwai ɗaya, gobe a rasa. Ke nan nasarar da maganin ya samu ita ce ta raunana gwajin.

Akwai kuma matsalar ɗibar jini. Yara suna tsoron allura, iyaye da yawa ba sa yarda a taɓa jinin ɗansu alhali lafiyarsa ƙalau, kuma aikin yana buƙatar ƙwararren ma'aikaci da kayan huda sababbi ga kowane mutum. Idan za a riƙa maimaita binciken shekara bayan shekara, sai jama'a su ƙosa. Shi kuwa fitsari kowa yana zubar da shi kullum, kuma karɓarsa ba ta buƙatar komai illa kwalba mai murfi.

Mene ne makamin garkuwa?

Duk lokacin da baƙon abu ya shiga jiki, wasu fararen ƙwayoyin jini sukan shaida shi, su ƙera wani furotin na musamman da zai manne masa. Wannan furotin shi ake kira antibodi, wato makamin garkuwa. Baƙon abin da ya jawo aka ƙera shi kuwa ana kiransa antijin. Siffar antibodi kamar gwafa take: gindi ɗaya, rassa biyu. Bakin kowane reshe yana dacewa da antijin iri ɗaya tak, kamar yadda mabuɗi yake dacewa da kwaɗonsa. Saboda haka antibodin da jiki ya ƙera domin tsutsar tundurmi ba zai kama ƙwayar ƙyanda ba.

Antibodi iri biyar ne a jikin ɗan Adam. Wanda ya fi yawa a jini shi ake wa laƙabi da IgG, kuma shi ma ya kasu gida huɗu. Na huɗun, IgG4, shi ne mafi ƙaranci ga mai lafiya, amma yakan ƙaru sosai idan tsutsa ta daɗe a jiki. Wannan hali nasa ya sa masu binciken tsutsotsi suka fi mayar da hankali a kansa.

Ta yaya antibodi yake shiga fitsari?

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A rana guda ƙodojin biyu suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, sai dai suna mayar da kusan dukkansa, abin da ke fita a matsayin fitsari bai wuce kimanin lita ɗaya da rabi ba. Ramukan matatar ƙanana ne ƙwarai. Ruwa da gishiri suna wucewa, amma ƙwayoyin jini da manyan furotin ba sa wucewa. Antibodi na cikin manyan, domin nauyinsa ya ninka na albumin, babban furotin na jini, fiye da sau biyu.

Duk da haka ɗan kaɗan yakan sulale ya wuce. Yawan antibodi a fitsarin mai lafiya ya gaza na jininsa fiye da sau dubu, amma yana nan. Ga mai tsargiya kuwa akwai ƙarin ƙofa, domin raunin da ƙwai ya yi wa bangon mafitsara yana barin jini da furotin su zuba kai tsaye cikin fitsari. Abin da ya rage shi ne a samu gwaji mai kaifin da zai iya gano wannan ɗan kaɗan.

Yadda ake yin gwajin

Dabarar da aka fi amfani da ita ana kiranta Elisa. Wasu masana biyu na Jami'ar Istokholm ta ƙasar Suwidin, Eva Engvall da Peter Perlmann, su ne suka bayyana ta a 1971. Ana yin ta a kan wani faranti na roba mai ƙananan ramuka 96, kamar haka:

1. A zuba antijin na tsutsar da ake nema a cikin ramukan, a bar shi ya manne a jikin robar.
2. A cike sauran guraben da wani furotin na dabam, domin kada wani abu ya manne a inda bai kamata ba.
3. A zuba fitsarin kowane mutum a raminsa, a ba shi lokaci. Idan akwai antibodin wannan tsutsa a ciki, zai kama antijin ɗin ya riƙe.
4. A wanke farantin. Duk abin da bai kama ba zai tafi da ruwan wanki.
5. A zuba wani antibodi na biyu, wanda aikinsa shi ne kama antibodin ɗan Adam. An riga an ɗaura masa wani sinadari mai sauya launi.
6. A sake wankewa, sannan a zuba wani ruwa marar launi. Ramin da antibodi na biyu ya samu abin kamawa zai yi launi, wanda bai samu ba zai zauna fari.
7. A sa farantin cikin na'urar da ke auna ƙarfin launin kowane rami ta ba da shi a lamba.

A kowane faranti akan keɓe wasu ramuka ga samfurin da aka san yana da antibodin, da wanda aka san ba shi da shi. Da waɗannan ake tabbatar da cewa aikin ya tafi daidai.

Inda aka jarraba shi

A shekarar 2001 wasu masana na Jami'ar Likitanci ta Aici a Japan, cikinsu har da Makoto Itoh da Eisaku Kimura, tare da takwarorinsu na Siri Lanka, suka wallafa sakamakon gwajin neman IgG4 na tsutsar tundurmi a fitsari. Cikin mutum 91 da aka riga aka tabbatar suna da tsutsar, gwajin ya gano 87, wato kashi 95.6 cikin ɗari. Cikin mutum 298 da suka fito daga wuraren da ba a san cutar ba, ya wanke 295, wato kashi 99 cikin ɗari. Daga baya an yi amfani da shi wajen binciken 'yan makaranta a kudancin Siri Lanka, ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2016 cewa tundurmi ya daina zama matsalar lafiyar al'umma a cikinta.

A Jami'ar Khon Kaen da ke arewa maso gabashin Tailan an yi irin wannan aiki a kan wasu tsutsotsi biyu: wata tsutsar hanta da ake kamuwa da ita ta cin ɗanyen kifi, da wata 'yar tsutsar hanji, *Strongyloides*, wadda ke da wuyar gani a bayan gida. Game da tsargiya kuwa, a 2021 wata tawaga ƙarƙashin masana na Jami'ar James Cook ta Ostareliya ta tantance furotin kusan 1,000 na tsutsar, ta hanyar gwada su da jini da fitsarin mutanen Gabon da Tanzaniya da Zimbabuwe, ta ware 'yan kaɗan da antibodin masu cutar ya fi kamawa. Manufar ita ce a kai ga ƙera tsinken gwaji mai sauƙi, irin wanda ake gwajin zazzaɓin cizon sauro da shi.

Sawu dabam, dabba dabam

A nan ne ya kamata ɗalibi ya natsu. Maharbin da ya ga sawun barewa a bakin rafi ya san barewa ta bi ta wurin, amma sawun kaɗai ba zai gaya masa tana nan kusa ko ta yi nisa ba. Haka antibodi yake. Yakan fara bayyana makonni kaɗan bayan tsutsa ta shiga jiki, tun kafin ta soma ƙwai, kuma yakan zauna watanni ko shekaru bayan magani ya kashe ta. Saboda haka idan aka samu antibodin tsargiya a fitsarin dattijo mai shekara 50, ba za a iya cewa yana da cutar yanzu ba. Mai yiwuwa sawun wankan tafki ne na ƙuruciya.

To amma idan aka same shi a fitsarin yaro ɗan shekara 6, wanda aka haifa bayan an fara raba magani a garinsu, labari ya sha bamban. Wannan yaro ba shi da tsohon tarihi. Sawun da ke jikinsa sabo ne, kuma yana nuna cewa har yanzu cutar tana yaɗuwa a garin. Idan kuwa aka gwada ɗaruruwan yara irinsa shekara bayan shekara ba a ga komai ba, to alama ce mai ƙarfi cewa an katse hanyar yaɗuwarta. Ke nan amfanin gwajin ya fi ƙarfi wajen auna lafiyar gari gaba ɗaya, fiye da yanke hukunci a kan majinyaci guda.

Wannan ƙa'ida an riga an yi aiki da ita ta hanyar jini. A yaƙi da makantar bakin kogi, wadda wani baƙin ƙuda ke yaɗawa, sharaɗin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 shi ne a gwada yara 'yan ƙasa da shekara 10, kuma masu antibodin su gaza ɗaya cikin dubu. A watan Janairu na 2025 hukumar ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka. Abin da masu binciken fitsari suke nema shi ne a riƙa samun irin wannan shaida ba tare da an huda yatsan yaro ba.

Sauran matsaloli

Na farko, tsutsotsi 'yan dangi ɗaya suna da antijin masu kama da juna. A Afirka, inda tsutsar tundurmi take zaune tare da ta makantar bakin kogi da kuma tsutsar ido mai suna *Loa loa*, antibodin ɗaya yana iya kama antijin ɗin ɗaya. Gwajin da ya yi kyau a Siri Lanka, inda babu waɗannan dangi, dole a sake auna shi kafin a amince da shi a nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na biyu, fitsari ba ya zama a kauri ɗaya. Na wanda ya sha ruwa da yawa ya fi tsinkewa a kan na wanda ya wuni a rana, kuma hakan yana shafar ƙarfin launin da na'ura za ta auna. Na uku, ko gwajin da ke wanke kashi 99 cikin ɗari na marasa cuta, idan aka yi wa yara 1,000 da ba su da komai, zai nuna kimanin 10 a matsayin masu ita. A garin da cutar ta kusa ƙarewa, waɗannan goma suna iya fin masu cutar na gaskiya yawa. Na huɗu, Elisa tana buƙatar ɗakin gwaji da firiji da wutar lantarki. Saboda waɗannan dalilai, gwajin da ake dogara da shi a hukumance wajen dakatar da maganin tundurmi har yanzu na jini ne, wanda ake yi wa yara 'yan shekara 6 zuwa 7.

Akwai wani gwajin fitsari na dabam da bai kamata a rikita shi da wannan ba. Shi antijin yake nema, wato wasu sinadarai da tsutsar tsargiya mai rai take amayarwa cikin jini, ƙoda kuma ta fitar da su. Da zarar tsutsar ta mutu sukan ragu cikin ɗan lokaci, don haka suna nuna cutar da ke jiki yanzu. Masana na Jami'ar Laidin ta Holan sun yi fice a wannan fanni. Ɗaya daga cikin irin waɗannan gwaje-gwaje tsinke ne da ke ba da amsa cikin minti 20, kuma ya fi aiki ga tsargiyar hanji, wadda *Schistosoma mansoni* ke haddasawa. Gwajin antijin yana neman dabbar, na antibodi yana neman sawunta, kuma kowanne da ranarsa.

Kammalawa

A shekarar 2017 aka bayyana cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da tundurmi a matsayin matsalar lafiyar al'umma, bayan shekaru ana raba magani da gidajen sauro da taimakon Cibiyar Carter. Duk yankin da ya kai wannan matsayi yana fuskantar tambaya guda: shin cutar ta tafi ke nan, ko kuwa laɓewa ta yi? Idan aka dakatar da magani da wuri, tsutsar za ta dawo, aikin shekaru ya tashi a banza. Idan kuma aka ci gaba da rabawa a inda babu buƙata, an tauye wani garin da ke jira. Amsar tana jikin ƙananan yara, kuma gwajin da iyaye za su yarda a maimaita wa 'ya'yansu kowace shekara shi ne zai iya kawo ta.

Kafin wannan gwaji ya iso asibitin kowace ƙaramar hukuma, akwai abin da makaranta za ta iya yi. Ɗalibin da ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, domin tsargiya tana da magani. A guji yin fitsari da bayan gida a cikin ruwa ko bakinsa. Idan kuma ma'aikatan lafiya suka zo raba magani ko karɓar samfuri, malamai su taimaka wajen fahimtar da iyaye dalilin aikin.

Tambayoyi domin nazari a aji

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin antijin da antibodi.
2. Me ya sa ƙidayar ƙwai a fitsari take raguwa da amfani bayan an daɗe ana raba magani?
3. Kawo hanyoyi biyu da antibodi yake bi ya shiga fitsarin mai tsargiya.
4. Me ya sa aka fi son gwada 'yan shekara 6 zuwa 7 a kan manya?
5. Wani gwaji yana wanke kashi 98 cikin ɗari na marasa cuta. Idan aka yi wa yara 1,500 da ba su da cutar, nawa ake sa ran zai nuna bisa kuskure?
6. Tare da malami, a zana taswirar tafkuna da magudanan ruwan da ke kusa da makaranta, a nuna wuraren da yara suka fi shiga.